Muhawara: In an kashe sarauniya, an gama yaƙi ke nan?

Nura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce sai na baje ta a gabanku. Duk ƙagaggen labarin kimiyya da aka yi a kan ƙwarin wata duniya masu zuwa da gayya su mamaye mutane, za ku ga an ƙawata makamansu. Wannan yana tofa ruwan batir, wancan yana harbin ƙaya, wani ƙahonsa yana huda sulke. Sai an kai maƙura, mutane sun rasa tudun dafawa, sannan marubuci ya zaƙulo wata sarauniya ko wata ƙatuwar ƙwaƙwalwa da ke ɓoye, jarumi ya kashe ta, rundunar gaba ɗaya ta zube.

Ku duba littafin Ender's Game na Orson Scott Card, wanda ya fito a 1985. Wani mayaƙin 'yan Adam, Mazer Rackham, ya gano jirgin da sarauniyar ƙwarin take ciki, ya harbe shi, nan take duk sauran jiragen suka tsaya cak. A fim ɗin Starship Troopers na 1997 ma, duk wahalar ta ƙare ne a kamo ƙwaron ƙwaƙwalwa. Ni a ganina wannan ha'inci ne. Babban makamin gayyar ƙwari shi ne ba ta da kai. Marubuta ne suke dasa mata kai don jarumi ya samu abin sarewa, domin in babu shi, babu mahaluƙin da zai ci su da yaƙi. Wanda bai yarda ba, ga fili.

Kamal:
Wa alaikumus salam. Yaya Nura, ni ne na farko da ban yarda ba. Shekara nawa ina buga wasan kwamfuta na StarCraft da rundunar ƙwari ta Zerg, kuma abu ɗaya da wasan ya koya mini shi ne yawa ba tare da mai tsarawa ba nama ne kawai. Da ma'adini 50, kuɗin wasan ke nan, za ka ƙyanƙyashe zergling biyu, wato ƙananan mayaƙan Zerg, abokin karawarka kuma da 50 ɗin soja ɗaya tak zai samu. A lissafi kai ne a sama. Amma ka tura su ta ƙaramar ƙofa, inda biyu ko uku ne kawai za su iya kai baki a lokaci guda, sai ka ga sojoji goma sun kwashe maka talatin kana kallo. Waɗannan talatin ɗin, ka raba su gida biyu, ka zagayo da rabi ta baya a fili, ka yi wa sojojin ƙawanya, ko ɗaya ba zai fita ba. Ƙwarin ɗaya ne, adadin ɗaya ne. Me ya bambanta? Kai.

Nura:
Wannan ai wasa ne, ƙanena. Dole a ba ɗan wasa abin yi, shi ya sa aka mai da shi kan rundunar.

Kamal:
To bar batun ɗan wasa, mu koma labarin wasan na 1998. Lokacin da Zeratul, wani mayaƙin abokan gabar Zerg, ya kashe Zasz, ɗaya daga cikin ƙwaƙwalen da ke ƙarƙashin Overmind, babbar ƙwaƙwalwar Zerg, rundunarsa ba ta zube ta mutu ba. Haukacewa ta yi, ta shiga kai wa kowa hari har 'yan uwanta, sai da su Zerg ɗin da kansu suka hallaka ta. Ka ga nan ba a yi ha'incin da kake faɗa ba. An sare kai, jiki yana nan da haƙoransa, amma ya daina zama runduna.

Anti Zulai:
Ku bari in sa baki, tunda shekara goma sha biyu ke nan ina koyar da ilmin halittu a sakandare, kuma duk shekara sai na yi wannan gyara a aji. Nura yana da gaskiya a abu guda: sarauniyar ƙwari ta gaske ba ta mulki. Sunan ne ya yaudare mu. Sarauniyar gara da ke can ƙasan shuri, cikinta ya kumbura ya kai tsawon yatsa ko fiye, ko motsi ba ta iyawa, aikinta zuba ƙwai dubbai a rana. Ba ta san inda ma'aikata suka tafi ba, ba ta aika kowa ko'ina. Wata masaniya a Amurka, Deborah Gordon, ta shafe shekaru da dama tana bin gidajen tururuwa a hamadar Arizona, abin da ta nuna kuwa shi ne kowace tururuwa tana yanke abin da za ta yi ne daga yawan 'yan uwan da ta ci karo da su da irin warin da ke jikinsu. Babu mai ba da umarni.

Kuma in ka kashe sarauniyar zuma, amya ba ta tsayawa. In akwai ƙananan tsutsotsi a saƙa, ma'aikata za su zaɓi wasu su ciyar da su abinci na musamman, sabuwar sarauniya ta fito. Daga ƙwai zuwa fitowarta kwana 16 ne. A duk tsawon kwanakin nan, wanda ya taɓa amyar zai sha harbi kamar kullum.

Sai dai Nura, kada ka yi saurin murna. Rashin kai ma yana da nasa ciwon. Akwai tururuwar yaƙi ta Kudancin Amurka, dangin kwarkwasarmu a ɗabi'a, waɗanda kusan makafi ne, warin na gaba kawai suke bi. In sawun ya rikice ya haɗe da kansa, sai su shiga zagaye, kowa na bin kowa, har gajiya ta kashe su. A 1921 William Beebe ya ba da labarin wanda ya gani a Guyana, zagayen ya fi mita 360, kowace tururuwa tana ɗaukar awa biyu da rabi kafin ta kewayo. Da akwai ko ɗaya mai ganin abin daga sama, da ta tsayar da su. Runduna marar kai, wanda ya gane warin da take bi yana iya juya ta yadda ya so.

Kawu Garba:
Ni dai ban buga wasan kwamfuta ba, amma na ci kakin soja shekara ashirin da biyu, kuma ɗana ya sa ni na kalli finafinan nan har na karanta littafin Starship Troopers na Robert Heinlein na 1959, wanda aka yi fim ɗin a kansa. Ku duka kuna ta batun kai, ni kuwa abin da ya dame ni daban ne.

Fim ɗin nan na 1997, duk wanda ya taɓa riƙe bindiga zai ji takaicinsa. An sauke sojan ƙasa a Klendathu, duniyar ƙwarin, a cunkushe, kafaɗa da kafaɗa, da bindigar hannu, babu igwa, babu tanka, babu ko ramin fakewa. Aka ce mutum 100,000 sun mutu cikin awa ɗaya. Ai dole. Ƙwarin ba su ci wannan yaƙin da dabara ba, kwamandojin ne suka miƙa musu yaransu a faranti. Duk abin da sai ya zo jikinka kafin ya cuce ka, in dai a fili ne kuma kana da bindiga mai jigida da igwa a bayanka, yawansa ba ya cetonsa. Mutane sun gwada wannan da jikinsu. Ran 1 ga Yuli 1916 a bakin kogin Somme na Faransa, sojan Ingila suka taso a jere suka nufi bindigogin Jamus, kafin dare an kashe musu fiye da 19,000. Ƙarfe ba ya gajiya da kisa.

A littafin kuwa abin ya fi ma'ana nesa ba kusa ba. Sojan yana cikin sulke mai inji, tsakaninsa da ɗan uwansa tazara ce mai nisa, yana ɗauke har da ƙananan rokokin nukiliya. Ƙwarin ma ba dabbobi ba ne masu farce kawai, suna da kumbo, suna da makamin harbi. Kuma dabararsu ta gaske a ƙarƙashin ƙasa take. Sojoji na kasa kunne da na'ura suna jin ƙarar haƙa, kamar ana suya a kasko, ba su san ta inda za a ɓullo ba. A duniyar da ake kira P, ƙwarin suka fara turo ma'aikata, waɗanda ba sa faɗa ko kaɗan, aka yi ta ɓarnar harsashi a kansu, hankali ya rabu. Wannan ita ce yaudarar yaƙi, kuma Nura, wanda ba shi da kai ba ya yaudara.

Nura:
Kawu, da girmanka, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Heinlein ɗin da kansa ya sa jaruminsa ya yi lissafin cewa in sun kashe ƙwaro dubu suka rasa soja ɗaya, ƙwarin ne suka ci riba. Soja sai an haife shi, an raine shi shekara goma sha takwas, an horar da shi. Nasu ƙyanƙyasa kawai ake yi. Harsashi yana ƙarewa, bakin bindiga yana yin ja.

Kawu Garba:
Wannan gaskiya ne ɗana, kuma shi ne kawai abin da ke ba ni tsoro a lamarin. Amma yawa yana da sharaɗi. Akwai lissafin da wani Bature, Frederick Lanchester, ya fitar a 1916, ana koyar da shi a makarantun hafsoshi. In kowa a runduna yana iya harbi a lokaci guda, ƙarfin runduna yana tafiya ne da adadinta sau adadinta. Mutum 1,000 su kara da 500 masu makami iri ɗaya, ba 500 ne za su rage ba, kusan 866 ne za su rage bayan an share ƙananan. Amma in faɗan na gaba da gaba ne a ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, wannan garaɓasar ta tafi. Shi ne abin da Kamal ya gani a wasansa. Don haka ƙwaro mai farce, dole wani abu ya nemo masa fili, ko rufi, ko rami, ya kai shi jikin abokin gaba ta ko'ina a lokaci ɗaya.

Ku tuna fim ɗin Aliens na 1986. Sojojin sun toshe ƙofofi sun yi walda, suna kallon na'urar da ke nuna motsi, tana cewa abin ya matso, ya matso, har ta nuna yana cikin ɗakin, ba su ga komai ba. Ashe halittun ta saman silin suka biyo. Kafin nan kuma sun yanke wutar lantarki. Ni a wurina wannan minti biyun ya fi duk fim ɗin Klendathu koyar da yaƙi.

Maryam:
Yaya Nura, ni inda na rabu da kai shi ne kalmar ha'inci, musamman a kan Ender's Game. Ka ɗauki sarauniyar a matsayin makunnin kashe wuta da marubuci ya ajiye wa jarumi. A littafin kuwa ita ce zuciyar labarin. Tunda a wurinsu sarauniya ce kaɗai mai hankali, ma'aikata kamar yatsu ne ko farce, da suka fara haɗuwa da mutane suka kashe su, ba su san rai suke ɗauka ba. A zatonsu farcen wata sarauniya suke yankewa. Da suka gane kowane mutum ɗaya duniya ce guda, sai suka daina zuwa. Mutane ba su sani ba, suka bi su har gida, suka sa yaro ya tarwatsa duniyarsu yana zaton jarrabawa yake yi a na'ura. Na karanta wurin nan da daddare, na ajiye littafin na daɗe ban iya ci gaba ba.

In ka cire kan, ka cire wanda za a yi wa laifi, ka cire wanda za a iya magana da shi. Abin da zai rage annoba ce kawai, a fesa mata magani a wuce. Kuma ni ina tsoron labarin da ke koya wa mai karatu cewa akwai abokin gaba wanda ba shi da fuska, ba shi da hankali, kisa kawai ya dace da shi. A Ruwanda a 1994, kyankyasai aka riƙa kiran mutane a rediyo kafin a ɗauki adda.

Nura:
Wannan ta shige ni, Maryam. Na janye kalmar a kan littafin Card. Amma a kan sauran ina nan.

Kamal:
Kuma akwai hanya ta uku da ba ku taɓo ba. Tyranid, rundunar ƙwari ta wasan Warhammer 40,000. Su ƙwaƙwalwar gayyarsu ba ta zaune a jiki ɗaya da za ka je ka harbe. Akwai manyan halittu a cikin rundunar da ke aiki kamar turakun sabis na waya. Duk ƙaramin ƙwaron da ke kusa da ɗayansu yana karɓar umarni, ba ya tsoro, ba ya ja da baya. Ka kashe babban, waɗanda ke kewayensa su koma ɗabi'arsu ta dabba, wasu su laɓe, wasu su afka wa abin da ke gabansu. Amma yanki ɗaya ne kawai ya faɗi, wani babban yana matsowa sabis ya dawo. Ga kai, amma ba a sare shi da sara ɗaya.

Makamansu ma duk masu rai ne. Bindigar ƙananan sojojinsu ƙwaro take harbawa, ya faɗa jikin mutum ya shiga huda nama. Kafin rundunar ta iso da shekaru, sun riga sun turo 'yan share fagensu da ake kira genestealer sun shiga cikin jama'a sun kafa ƙungiyar asiri, ranar da jiragen suka bayyana sai tawaye ya tashi daga cikin gida. In sun matso kuma, inuwarsu tana toshe hanyar aika saƙo, duniyar da aka kewaye ba ta iya neman agaji. In an gama, har gawarwakin nasu suke narkarwa a tafkuna su zuƙe su koma jirgi a sake ƙira. Yaya Nura, wace runduna marar kai ce za ta shirya shekara hamsin kafin ta iso?

Anti Zulai:
Batun makamai masu rai, marubutan ba su ƙirƙiri komai ba, aro suka yi suka ƙara girma. Akwai wani buzuzu da ke da ɗakuna biyu a cikinsa, yana haɗa sinadarai biyu, su tafasa, ya fesa wa maƙiyi ruwa mai zafin kusan digiri 100. Kamar baneling, ƙwaron Zerg ɗin Kamal da ke fashewa a StarCraft II, akwai tururuwa a tsibirin Borniyo da aka ba suna a 2018, tana matse cikinta har ya fashe ta watsa wa maƙiyi wani ruwa mai danƙo, ta mutu a wurin. Akwai sojojin gara masu kai kamar butar shayi da ke harba gam. Zumar Japan kuwa, in babban zirnaƙo ya shigo amya, ɗaruruwa ne ke dunƙule shi su yi ta kaɗa jiki har zafin tsakiya ya kai wajen digiri 46, shi ya mutu su su rayu. Halittar fim ɗin Alien da ke girma a cikin mutum ta fasa ƙirji, haka wasu ƙananan rina suke yi wa tsutsa kullum a gonakinmu.

Inda ƙarya take shi ne girma. Ka ninka tsawon ƙwaro sau 100, ƙarfin ƙafarsa ya ninku sau 10,000, nauyinsa kuwa sau 1,000,000. Ƙafar za ta karye kafin ya taka. Kuma ƙwaro ba shi da huhu, ta ƙananan bututu iska ke ratsa jikinsa, abin da ba ya kai wa nesa. Mafi girman da aka samu a duwatsu wani mai kama da mazari ne, faɗin fukafukansa wajen santimita 70, ya rayu kusan shekara miliyan 300 da suka wuce lokacin da iskar shaƙa ta fi ta yau yawa. Don haka ƙwaro mai girman bijimi, in har zai tsaya da ƙafarsa, cikinsa ba na ƙwaro ba ne.

Malam Isuhu:
Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba, don ni ban san finafinan nan sosai ba. Amma rundunar da Nura yake siffantawa, marar kai, na gan ta da idona, gani kuwa ya kori ji.

A 2004 ina saurayi a ƙauyenmu arewa da Tawa. Hatsi ya yi kai, saura kaɗan a fara girbi. Da la'asar sai muka ga wani ja-ja daga arewa kamar hadarin ƙura. Tsofaffi suka gane kafin mu, na ji wata tsohuwa tana salati da ƙarfi. Da farin ɗangon suka sauka, ƙarar cinsu kamar yayyafi a kan kwano, ba ta tsayawa. Muka fita da garewani da tukwane muna kaɗawa, muka kunna tayoyi da ciyawa don hayaƙi, yara na gudu cikin gona da zannuwa. Ka kore su nan, su tashi taku biyar su sauka. Na ga reshen ƙaya ya karye don nauyinsu. Mahaifina ya tsaya a tsakiyar gona da sanda a hannu, suna sauka a kan rawaninsa da kafaɗunsa, ya daina ko kaɗe su. Da asuba sanyi ya hana su tashi, mata suka cika buhuna da su, abin da muka samu daga gonar ke nan a shekarar. Da hantsi rana ta gasa musu fukafukai suka tashi suka bi iska. Yunwar 2005 da kuka ji labari, da fara da ƙarancin ruwa ne suka haɗu suka haife ta.

Abin da nake so in ce, da akwai sarauniya a cikinsu, wallahi da mun neme ta ko da za mu mutu. Babu. Wa za ka kashe? Kowace ɗaya nauyinta bai fi giram 2 ba, ba ta cizo, ba ta harbi, yaro ma yana kama ta. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gayyar da ta rufe murabba'in kilomita ɗaya tana da fara wajen miliyan 40, kuma a rana tana cin abincin mutum 35,000. Ba su taɓa jikin kowa ba a garinmu, amma sun watsa gidaje da yawa, maza suka tafi ci-rani wasu ba su dawo ba.

Nura:
Allah ya jiƙan magabata, Malam. Wannan shi ne abin da na kasa faɗa da kyau. Makamin da ya fi ruwan batir da ƙaya shi ne ciki. Rundunar da ba ta zo yaƙi da kai ba, abincinka ta zo ci.

Anti Zulai:
Kuma abin da ke haɗa su gayya ya fi sarauniya ban tsoro. Farar hamada a zaman lafiya ita kaɗai take yawo, tana gudun 'yan uwanta. In ruwa ya sauka a hamada suka hayayyafa, sannan ciyawa ta fara bushewa, sai su matsu a ɗan koren da ya rage, ƙafafunsu na baya su riƙa gogar juna. Wannan gogayyar ce ke tayar da wani sinadari a jikinsu, serotonin, cikin 'yan awoyi ɗabi'arsu ta juye, su fara neman juna. Daga baya har launinsu ya sauya. Tafiyar ƙananan a ƙasa kuma, bincike ya nuna har da tsoron cizo a ciki, wadda ta tsaya ta bayanta za ta fara cin ta. Umarnin yana cikin jikin kowace ɗaya.

Kamal:
Na ji, kuma jikina ya yi sanyi da labarin Malam. Amma fara iska ce ke kai ta. Ba ta ƙera kumbo, ba ta zaɓar duniyar da za ta je. Muhawararmu a kan masu ƙetare sararin samaniya ce. Wannan tafiyar ba ta yiwuwa da gogar ƙafa.

Maryam:
Gara tana gina shuri mai hanyoyin iska da ɗakunan noman naman gwari, ba tare da mai zane ba. Ban ce za ta ƙera kumbo ba, amma ban san inda iyakar take ba, kai ma ba ka sani ba.

Kawu Garba:
Ni akwai wani abu a lissafin Heinlein da Nura ya kawo ɗazu da nake so Malama Zulai ta warware mini. Gaskiya ne ƙwari ba su damu da nasu da suka faɗi ba? Don duk lissafin dubu da ɗaya a kan wannan ya tsaya.

Anti Zulai:
Ba duka ba, Kawu. Ka san jerin gwano da ke fita farautar gara. Akwai irinsu da masana ke kira Megaponera, wani mai bincike, Erik Frank, ya bi su a dajin Comoé na Kodebuwa, ya wallafa a 2017 da 2018. Ɗan leƙen asiri ne ke fara gano inda gara ke kiwo, ya dawo ya ja ɗaruruwa a jere. Manya su fasa rufin ƙasa, ƙanana su kutsa. Sojojin gara suna cire musu ƙafafu, wasu su maƙale a jikinsu. In an gama, wadda ta ji rauni tana fitar da wani wari, 'yan uwanta su ɗauke ta a baki su kai ta gida, a can a yi ta lasar raunin. Ya gano cewa in ba a yi jinyar ba, kusan 80 cikin 100 ke mutuwa, in an yi kuwa wajen 10 ne. Wadda ta rasa ƙafa biyar kuma, ba ta ba da haɗin kai a ɗauke ta, tana ta fizge-fizge har a bar ta. Gidansu ba shi da yawa sosai, ƙyanƙyasarsu kaɗan ce a rana, don haka kowace ɗaya tana da tsada.

Kawu Garba:
Allahu Akbar. Ɗaukar majinyaci daga fagen daga, da tantance wanda zai rayu. Mu sai da aka koya mana wannan a aji, kuma na san nauyin mutum a kafaɗa. To ashe lissafin Heinlein ma sai ga rundunar da haihuwarta ke da arha. Nura, wannan ya dawo da mu kan sarauniya ta wata ƙofar. Ba don tana ba da umarni za ka neme ta ba, don ita ce ke cike gurbin waɗanda ka kashe. A fim ɗin Aliens na 1986 ma, da jarumar fim ɗin, Ripley, ta juya bakin bindigar wuta kan ƙwayayen, sarauniyar da kanta ta sa mayaƙanta suka ja baya.

Kamal:
Haka ake cin Zerg ma. Gwani ba ya tsayawa kashe zergling, yana zagayawa ya kashe ma'aikata da wurin ƙyanƙyasa tun wasa bai yi nisa ba.

Nura:
To a nan zan tsaya: mahaifa ce, ba kai ba. In marubuci ya ce an kashe sarauniya, rundunar da ke fili ta ci gaba da ɓarna wata shida har ta ƙare don babu sabbi, na yarda da shi. In ya ce an harbe ta duk suka zube a daƙiƙa ɗaya, ban yarda ba, sai dai in ya gina labarinsa duka a kan hakan kamar yadda Card ya yi. Kamal, batun kumbo kuma ban ba ka amsa ba, ina sane. Malam Isuhu, ku da ba ku da sarauniyar da za ku nema, yaya ake yi da su?

Malam Isuhu:
A ƙasa ake cin su, tun ba su yi fiffike ba. In sun tashi sama sai dai jirgin feshi, shi ma bin baya yake yi, don suna iya cin kilomita 150 a yini. Uwar tana tsoma cikinta a yashi mai laima ta zuba ƙwai, bayan kamar mako biyu su fashe, sannan 'ya'yan su yi wata guda ko fiye suna tsalle a ƙasa kafin fiffike ya fito. Wannan watan shi ne damar. Shi ya sa ma'aikatan yaƙi da fara suke shiga yankin Tamesna da gindin duwatsun Ayar, a arewacin Nijar, da mota bayan an yi ruwa, suna tambayar makiyaya inda suka ga kore, suna tona yashi suna duba ƙwai. Akwai ma maganin da aka haɗa da wani naman gwari mai kama fara kaɗai ya bar tsuntsu da dabba, an gwada shi a nan Nijar.

Kafin zuwan mota da feshi kuwa, mahaifina ya ce gayya ake kira. A haƙa dogon rami a gaban inda ɗangon suka dosa, zurfin gwiwa, ƙasar a tara ta a bakin can. Mutanen gari su yi layi a bayansu da rassan itace, suna kora a hankali, ba da gaggawa ba, don in ka matsa musu sai su watse. In sun zuba ramin ya cika, a mai da ƙasa a tattake, a matsa gaba a haƙa wani. Ya ce wata shekara sun yi kwana tara suna wannan, ƙauye uku a haɗe, kuma hatsin shekarar ya shiga rumbu.